Zaɓen Kwalejin Koyon Fasahar Gine-gine

Duk lokacin da ka haye gada, ko ka bi titi mai kwalta, ko ka shiga bene mai hawa da yawa, kana ɗora rayuwarka ne a kan aikin wasu mutane da ba ka taɓa gani ba. Su ne suka auna ƙasar, suka gwada ƙarfinta, suka lissafa yawan siminti da rodi, sannan suka tsaya a kan ma'aikata har aka gama. Ilimin da suka koya shi ake kira fasahar injiniyan gine-gine. Maza da mata duka suna karanta shi. Idan kana sha'awarsa, abu na farko da zai sha maka kai shi ne inda za ka same shi da inganci, kuma da kuɗin da iyayenka za su iya biya.

A Nijeriya ana koyar da wannan fanni a kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda ake kira foliteknik. Ɗalibi yakan yi shekara 2 ya sami difloma ta ƙasa, wato ND. Daga nan sai ya yi shekara 1 yana koyon aiki a wani kamfani ko ma'aikata, kafin ya koma ya ƙara shekara 2 don babbar difloma, wato HND. Kafin a ɗauke ka, yawanci ana bukatar ka sami kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma ka rubuta jarrabawar JAMB.

Irin waɗannan kwalejoji suna ko'ina a ƙasar nan. Akwai ta Yaba a Legas, wadda aka kafa a 1947. Akwai ta Ibadan, da ta Auchi a Jihar Edo, da ta Nekede a Jihar Imo, da ta Bida a Jihar Neja, da ta Kaduna. Wasu na gwamnatin tarayya ne, wasu na jihohi, wasu kuma na 'yan kasuwa. To, yaya za ka bambance mai kyau?

Mataki na farko shi ne binciken izini. A 1977 gwamnati ta kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE. Jami'anta sukan ziyarci kwalejoji su duba malamai da kayan aiki kafin su amince da kwas. Ka lura da kyau: kowane kwas da nasa izinin. Mai yiwuwa kwaleji tana da izinin koyar da aikin akawu, amma ba ta da na gine-gine. Izinin kuma na wani wa'adi ne, sai an sabunta shi. Saboda haka ka nemi sunan kwas ɗin a jerin da hukumar take wallafawa, da kuma kundin JAMB. Wanda ya yi karatu a kwas marar izini yakan sha wuya wajen neman gurbin HND, da tafiya hidimar ƙasa, da yin rajista da COREN, hukumar da take kula da aikin injiniya. Shekarunsa da kuɗin iyayensa sun tafi a banza ke nan.

Mataki na biyu shi ne ka je da ƙafarka, domin gani ya kori ji. Wannan ilimi ba ya zama a kan allo kaɗai. Ka nemi a nuna maka ɗakin gwajin kankare. A nan ne ɗalibai suke zuba kwaɓaɓɓen siminti da yashi da tsakuwa a cikin ƙananan akwatunan ƙarfe, su jiƙa dunƙulen a ruwa, sannan bayan kwana 7 da kwana 28 su sa shi a na'ura ta matse shi har ya fashe. Ta haka ake sanin nauyin da kankaren zai iya ɗauka. Ka duba ɗakin gwajin ƙasa, da kayan safiyo, da wurin koyon aikin birkila da kafinta, da kwamfutocin zanen gini. Kada kyawun na'ura ya ruɗe ka. Ka tambayi ɗaliban da suke can: tana aiki kuwa? Akwai wutar da za ta tayar da ita? Mutum nawa ne suke taruwa a kanta? Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na uku shi ne lissafin kuɗi. Yawanci kwalejojin tarayya sun fi na jihohi da na 'yan kasuwa sauƙi, kuma kwalejojin jihohi da dama sukan rage wa 'yan asalin jiharsu kuɗi. Amma kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai na ɗawainiyar. Ka zauna da iyayenka ku rubuta kuɗin ɗaki, da abinci, da mota, da littattafai, da kayan zane, da takalmi da hular kwano na wurin aiki. Kwaleji mai araha a birni mai tsadar haya tana iya fin wadda take kusa da gidanku cin kuɗi. Ka kuma bincika tallafin karatu na jiharku, da rancen ɗalibai na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Sai dai ka tuna rance bashi ne, za a biya shi wata rana.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fanni maganar ta wuce ado, domin rayuka ne a ciki. A watan Nuwamba na 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, mutane fiye da 40 suka rasu. Ranar da za a damƙa maka aikin gada ko ajin makaranta, ba wanda zai tambaye ka nawa ka biya a kwaleji. Abin da hannunka ya iya shi ne zai riƙe ginin. Don haka ka fara tantance kwalejojin da suke da izini da kayan aiki, sannan a cikinsu ka zaɓi wadda ta fi sauƙin kuɗi.

Tambayoyi

1. Shekara nawa ɗalibi yake yi daga fara ND zuwa gama HND?
2. Mene ne aikin hukumar NBTE?
3. Bayyana yadda ake gwada ƙarfin kankare.
4. Kawo abubuwa 4 da ake kashe wa kuɗi ban da kuɗin makaranta.
5. Me karin maganar "araha ba ta ado" yake nufi? Yi amfani da shi a cikin jimla.