Halin Tsohon Babur da Ladabin Zama da Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani tsohon babur, irin su Honda Roadmaster da Suzuki na Japan da Vespa ta Italiya, kowanne da halinsa, kamar jaki. Wani ba ya tashi da sanyin asuba sai an ja masa cok, an taka shi sau bakwai. Wani sai an tura shi a gangare. Wani kuwa ruwan damina na taɓa filoginsa sai ya ɗauke numfashi.

Amma falalarsa ita ce cutarsa ba ta ɓuya. Abu uku yake rayuwa da su: mai da iska da wuta. In ya ƙi tashi, to, ɗayansu ne ya yanke. Sai a kwance filogi a kankare baƙin, ko a wanke kafireta da fetur. Sifana da sukudireba sun wadatar, ko da a gindin bishiya ne tsakanin Ƙanƙara da Sheme, inda babu bakanike.

Akwai kuma falalar da wannan zamani ya bayyana. A watan Disamba na 2020 ɓarayin daji suka zo bisa babura, suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana hawan babur da dare a garuruwan bakin daji, ta hana sayar da fetur a jarka, aka yanke layukan waya a Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu. Ƙarar babur ta zama abin faɗuwar gaba. To, shi tsoho muryarsa sananniya ce. Tun daga nesa mutanen ƙauye za su ji tarinsa, su ce wane ne ya dawo daga kasuwa, zukata su kwanta. Ɓarawo ba ya sha'awar abin hawan da ba ya gudu.

Saboda haka wanda ya mallake shi ya ba shi hakkinsa. Ya sauya baƙin mai a kan kari, ya ɗaure sarƙa, kada ya ɗora masa masarar da ta fi ƙarfinsa, kuma ya iso gida kafin almuru. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya kiyaye hanya, ya mayar mana da aminci ƙasarmu. Haza wasalamu.