MADARUMFA: DAGA MOTAR KARA ZUWA AIKIN INJINIYA

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan gundumar Madarumfa bayan kaka, sa'ad da aka gama yankan gero da dawa aka tara kara, zai tarar da yara zaune a gindin bedi suna fira da tsohuwar reza. Totuwa ita ce katakonsu, ɓawon kara shi ne ƙusarsu, ƙafafun mota kuwa daga sakaina ko tsohon takalmin roba ake yanko su. Kafin la'asar sai ga mota ta fito, da ƙofofi da akori, har da wurin zaman karen mota. Idan ƙafa ta goce, mai motar sai ya kife ta, ya duba inda ta ɓaci, ya sake ɗauri.

Wannan yaron ne kuma gobe da safe zai shiga lakwal, ya naɗe hannu, ya kwafi darasin tsawo da nauyi daga allo, alhali bai taɓa auna ko da igiyar guga ba. Abin da yake yi a gindin bedi shi ne tushen aikin injiniya. Abu biyu kaɗai suka rage masa, awo da rubutu, waɗannan kuwa makaranta ce ke da su.

Yadda gwajin yake

A ƙasashe da dama malamai sun daɗe suna haɗa wasa da darasi ta wata hanya mai sauƙi. Malami zai kasa ƴan aji rukuni-rukuni, mutum 4 ko 5. Zai kawo masu matsala guda, ya ba kowane rukuni kaya iri ɗaya, ya yanka masu lokaci, sa'an nan ya faɗi abin da za a auna a ƙarshe. Ba ya nuna masu yadda ake yi. Su za su yi shawara, su zana, su gina, a gwada a gaban kowa, su rubuta sakamako, su koma su gyara.

Akwai irin wannan gwaji da ya yi suna a Amurka, wanda wani mai suna Tom Wujec ya bayyana a wani jawabi a shekarar 2010. Ana ba mutum 4 silin taliya 20 da ɗan zare da abin liƙi, a ce cikin minti 18 su tayar da hasumiya wadda za ta ɗauki alewa guda a kanta. Ya ce ƙananan yara sukan fi waɗanda suka gama makarantar koyon kasuwanci, domin manya suna cinye lokaci wajen tsara magana, yara kuwa tun farko suke ginawa, ta faɗi, su sake. A Faransa ma, a 1996, masanin kimiyya Georges Charpak ya kafa wani shiri domin ƴan firamare su koyi kimiyya da hannunsu. Madarumfa ba ta da bukatar taliya. Kara da kaba da yumɓu da rairayin gulbi sun wadatar.

Gadar kara

Da damina, idan Gulbin Maraɗi da ƙoramu suka kawo, kowane yaro ya san wahalar ƙetare ruwa. Saboda haka gada ita ce matsalar da ta dace a fara da ita. A raba tebur biyu da tazarar santimita 50, a ba kowane rukuni kara 15 da igiyar kaba mita 2. Idan sun gama, a rataya bokiti a tsakiyar gadar, a dinga zuba ruwa lita bayan lita har ta karye. Da yake lita 1 na ruwa kilo 1 ne, lissafi ba ya ba da wuya.

A karon farko yawancin yara sukan jera kara a kwance, kamar gadon kara, su ɗaure. Irin wannan gada takan lanƙwashe da wuri. A nan ne malami zai yi tambaya: wane kara ne ya fara karyewa, kuma daga ina? Da sun duba za su ga cewa ɓangaren sama matse shi nauyi yake yi, na ƙasa kuwa ja yake sha. Za su gane kuma cewa kara 4 da aka ɗaure kusurwa huɗu suna karkacewa da an tura su, amma kara 3 da aka ɗaure kusurwa uku ba sa motsi, sai dai su karye. Guntun kara ya fi dogo jure matsi. Mai ɗaurin tsaikon ɗaki a ƙauye ya san wannan duka da hannunsa, kuma dabarar ce ke riƙe da manyan gadojin ƙarfe na duniya. Rukunin da ya rubuta kilo nawa gadarsa ta farko ta ɗauka, da kilo nawa ta biyu ta ɗauka, ya koyi lissafi da zanen kusurwa a yini guda, kuma da wuya ya manta.

Tukunya cikin tukunya

Matsala ta biyu daga lambu take. A Jiratawa da bakin tabkin Madarumfa ana noman rani, tumatir da tattasai da zogala, amma zafi yakan lalata kaya kafin su kai kasuwa, har mai lambu ya sayar da arha ba da sonsa ba. Wani malami a Dutse ta jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, wanda ya taso a gidan magina tukwane, ya yaɗa wata dabara cikin shekarun 1990. Ana saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi mai jiƙo, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. An ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, kuma a bayanin da aka yi lokacin an ce yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27.

Ga ƴan makaranta tambayoyin suna da yawa. Rairayi mai kaurin yatsa 2 ya fi, ko mai yatsa 4? Sau nawa za a jiƙa shi a yini? Inuwa mai iska ta fi, ko ƙuryar ɗaki? Inda babu ma'aunin zafi, sai a saka tumatir 5 a kowace tukunya, a bar 5 a cikin faifai, a dinga ƙidaya kwanaki a littafi. Idan aka maimaita gwajin da damina, yara za su ga sanyin ya ragu, domin iska mai laima ba ta shan ruwa kamar iskar hunturu da bazara. Sanin iyakar dabara ma ilimi ne.

Murhu da iccen Baban Rafi

Matsala ta uku tana cikin kowane gida. Dajin Baban Rafi ya daɗe yana ba birnin Maraɗi iccen girki, kuma kowa ya san icce ba ya girma da saurin da ake sare shi. Tun shekarun 1980 aka soma yaɗa murhun Albarka na laka da murhun Mai Sauƙi na ƙarfe a Nijar. A ce wa yara: ga laka da ƙaiƙayi, ku gina murhun da zai tafasa lita 1 na ruwa da icce mafi ƙaranci. Ma'aunin icce su za su ƙera shi da sanda da gwangwani 2. Za su tarar murhun duwatsu 3 iska ce ke kwashe masa zafi, cewa katangar laka tana tsare wuta, amma idan ta matse tukunya ƙwarai, wuta takan shaƙe ta koma hayaƙi. Wannan gwaji tilas a yi shi a fili, malami yana tsaye, da bokitin ruwa a kusa.

Abin da ya rage

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a jihar Maraɗi. Shehun malami Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya nuna cikin littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka cewa tarbiyyar gargajiya tana haɗa koyo da aiki, makarantar mulkin mallaka kuwa ta raba su. Shi da kansa ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa da hasken rana. Ya rasu a 1991, kuma Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. A ƙarshen shekarun 1980 an saka ayyukan hannu cikin tsarin karatun firamare, sai dai a wurare da yawa an yi kukan rashin kayan aiki, lokacin ya tafi a shara da ban ruwa.

Wasu iyaye za su ce karatu aka tura yaro, ba wasan kara ba. Amsarsu tana cikin littafin yaron: zane, awo, lissafi, da bayanin dalilin da ya sa abu ya karye. Wasu malamai za su ce aji ya cika. To, aikin rukuni ya fi sauƙi a tsakar makaranta fiye da cikin aji, kuma yamma guda a wata ta isa a fara. A kula kuma kada a bar wa ƴan mata tukunya da murhu kaɗai: su ma su ɗaura gada su riƙe ma'auni, maza su ɗebo ruwa.

Masu duba makarantu da shugabanninsu suna iya ba da izini ba tare da an kashe ko dala ba. Kwamitin iyaye ya tara kara tun da kaka kafin dabbobi da gara su cinye. A gayyato maginiya da maƙeri da mai ɗaurin tsaiko su duba aikin yara su faɗi ra'ayinsu. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci kuwa, tun da sun iya rubuta lamba, su ne suka dace da riƙe littafin awo ranar gwaji. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga gadarsa ta karye, ya nemi dalili, ya sake ginawa, shi ne gobe zai tsaya gaban famfon lambun da ya mutu ya kwance shi, maimakon ya zauna jiran mai gyara daga Maraɗi. Allah ya albarkaci ƴaƴanmu, amin.