Kwarin Makka: Yadda Ƙeƙasasshiyar Ƙasa Ta Zamo Gida Da Wurin Waraka

Alƙur'ani mai girma bai siffanta Makka da dausayi ba. A aya ta 37 ta Suratu Ibrahim, Annabi Ibrahim (AS) da bakinsa ya kira ta kwarin da ba ya fitar da shuka, alhali a nan ya zaunar da ɗansa Isma'il da mahaifiyarsa Hajara. Abin lura shi ne jerin addu'ar tasa. Ya fara da dalilin zaman, wato tsayar da salla, sannan ya roƙi a karkato musu zukatan mutane, 'ya'yan itatuwa kuwa suka zo a ƙarshe. Wanda ya bar iyalinsa a inda babu ɗigon ruwa, za a zaci abinci zai fara roƙo, sai ga shi ya gabatar da mutane.

Riwayar Ibn Abbas (RA) da ke cikin Sahihul Bukhari ta fito da hikimar wannan jeri. Guzurin Hajara bai wuce jakar dabino da salkar ruwa ba. Da ruwan ya ƙare, ta yi kai da kawo tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, kafin Mala'ika ya tono mata Zamzam. Ƙishi ya kau, amma kaɗaici na nan, har sai da ayarin Jurhum ya hango tsuntsu yana shawagi a saman kwarin, suka gane akwai ruwa. Suka nemi izinin sauka, ta amince bisa sharaɗin ba su da iko da ruwan. Riwayar ta ƙara da cewa hakan ya dace da burinta, domin mace ce mai son jama'ar da za ta ɗebe mata kewa. Masu wa'azi kan yi saurin wuce wannan jumla, alhali ita ce ke nuna ranar da mafaka ta zamo gida. A cikinsu Isma'il ya koyi Larabci ya yi aure, a nan kuma Hajara ta rasu.

Game da waraka, Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarr (RA) ya yi kwana 30 a Makka ba shi da abinci sai Zamzam, har ya yi ƙiba, kuma Manzon Allah (SAW) ya shaida masa cewa ruwa ne mai albarka da ke ƙosarwa. Ƙarin da ke cewa magani ne ga cuta ba ya cikin lafazin Muslim. Ya zo ne ta hanyar wasu, kamar Ɗayalisi da Bazzar, kuma wajibi ne ɗalibi ya kiyaye wannan bambanci.

Shaƙuwa da kwarin ta ƙara bayyana bayan hijira. Madina tana da rijiyoyi da gonakin dabino, amma Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa zazzaɓinta ya kwantar da Abubakar da Bilal (RA). Duk lokacin da masassarar ta saki Bilal, sai ya ɗaga murya yana begen kwarin Makka da duwatsunsa da tsirransa, wato ƙasar da aka azabtar da shi a kan rairayinta. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), bai zarge shi ba. Ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, Ya ba ta lafiya, Ya kuma mayar da zazzaɓinta Juhfa.