Kwamfutar gem

Kwamfutar gem, ko kwamfutar wasa, kwamfuta ce ta kan tebur da ake haɗawa musamman domin buga wasannin bidiyo masu nauyi. Ta bambanta da kwamfutar ofis wajen ƙarfin katin hoto, saurin farosesa, yawan wutar da take ci da kuma zafin da take fitarwa. Masu neman mafi ƙarfinta sukan zaɓi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya maimakon su saye ta a haɗe. Ko da kuɗi ba matsala ba ne, tara kaya masu tsada kaɗai ba ya wadatarwa, sai kayan sun dace da juna, sun kuma dace da wurin da za a ajiye ta. A gari irin Zariya, wutar lantarki da zafi da ƙura suna cikin lissafi tun kafin a sayi kayan farko.

Tarihi

A shekarar 1996 kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, wanda ya ɗauke wa farosesa nauyin zana hotuna masu zurfi. A 1999 kamfanin Nvidia na Amurka ya fito da GeForce 256. Tun daga wancan lokaci katin hoto ya zama ginshiƙin kwamfutar gem. A yau Nvidia da AMD da Intel ne ke ƙera injinan da ke cikin waɗannan katuna.

Katin hoto

Katin hoto shi ne ke zana duk abin da ake gani a allo, kuma yawanci shi ne ya fi komai tsada. A watan Janairun 2025 Nvidia ta fitar da GeForce RTX 5090 a kan dala 1,999. Yana da ƙwaƙwalwa ta kansa mai gigabait 32, kuma yana iya cin wuta har wat 575. Wanda ya gabace shi, RTX 4090 na shekarar 2022, yana da gigabait 24 da wat 450.

A da ana haɗa katuna biyu su yi aiki tare, amma wasannin yanzu ba sa cin moriyar hakan, kuma Nvidia ta cire mahaɗin daga kan RTX 4090. Saboda haka kati ɗaya ake saye. Bayan fitowar RTX 4090 an samu rahotannin narkewar bakin wayar da ke ba shi wuta, musamman inda ba a tura ta har ƙarshe ba. Wannan ya sa ake so a tabbata wayar ta shiga daram, kuma kada a lanƙwasa ta daf da bakinta.

Farosesa da madabod

Farosesa ita ce ke lissafin dokokin wasa da motsin abokan karawa, sannan ta miƙa wa katin hoto aikinsa. Idan ta gaza, katin zai zauna yana jira komai tsadarsa. Yawan injinan da ke cikinta ba shi ne ma'auni a wasa ba. Ryzen 7 9800X3D ta kamfanin AMD, wadda ta fito a Nuwamban 2024, injina 8 gare ta, amma tana da wata ƙaramar ma'ajiya ta kusa mai megabait 96, wadda ke sa ta wuce wasu masu injina 16 ko 24 a wasanni da dama. Mai haɗa wasa da tace bidiyo zai fi amfana da Ryzen 9 9950X3D mai injina 16, ko Core Ultra 9 285K ta Intel mai 24.

Madabod shi ne faifan da ake dasa dukkan kayan a kansa. Kowace farosesa da irin gurbinta: waɗannan na AMD suna zama a gurbin AM5, ita kuwa ta Intel a LGA1851, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Don haka farosesa ake fara zaɓa kafin madabod.

Ram da ma'ajiya

Ram ƙwaƙwalwa ce ta wucin gadi da ke riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin. Gurbin AM5 nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa. Gigabait 32 ya ishi wasa, 64 kuma ya ba da sarari ga sauran ayyuka. An fi son sanda biyu a kan huɗu, domin sanda huɗu na DDR5 kan tilasta a rage gudu.

Wajen ajiyar wasanni kuwa, an bar tsohon faifai mai juyawa an koma SSD irin na NVMe. Na zangon PCIe 4.0 yana karanta kimanin gigabait 7 a daƙiƙa, na 5.0 kuma kusan ninkin haka, sai dai ya fi zafi, kuma bambancin ba ya fitowa sosai a cikin wasa. Da yake wasu wasanni sun haura gigabait 100, girman ma'ajiya ya fi gudunta muhimmanci, musamman inda sake sauke wasa ke cinye data mai yawa.

Monita

Allon 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8. Akwai alluna nau'in OLED masu sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa. Haɗa kati mai ƙarfi da allo mai sabuntawa sau 60 asara ce, domin ido ba zai ga ƙarin hotunan da katin ke zanawa ba.

Wutar lantarki

Nvidia ta ba da shawarar akwatin raba wuta mai wat 1,000 ga RTX 5090. Idan aka haɗa katin da farosesa da sauran kaya da monita, kwamfutar na iya cin kimanin wat 800 a tsakiyar wasa, kusan abin da dutsen guga ke ci. Wasan awa 5 ya kai yunit 4 na mita ke nan.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Zariya, har da Samaru da unguwannin Sabon Gari irin su Muciya. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta a Najeriya rukuni-rukuni, inda rukunin A ke da alƙawarin aƙalla awa 20 a rana. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin yunit na wannan rukuni zuwa naira 225. Sauran rukunan awoyinsu ba su kai haka ba. Ɗaukewar wuta ba zato na iya lalata fayiloli, dawowarta da ƙarfi kuma na iya ƙona kayan ciki. Shi ya sa ake sanya sitabilaiza da UPS a tsakani. Lambar VA da ake rubutawa a jikin UPS ta fi ainihin wat ɗin da yake iya ɗauka, don haka wat ake dubawa. Mai amfani da sola yana buƙatar inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, kuma batirin litiyam mai yunit 5 zai kusa ƙarewa a wasan awa 5.

Zafi da ƙura

Kusan duk wutar da kwamfuta ta ci zafi take komawa a cikin ɗaki. Fanka ko na'urar sanyaya ta ruwa ba sa iya sauko da kayan ƙasa da zafin iskar ɗakin. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zariya kan haura digiri 35, alhali yawancin gwaje-gwajen da ake wallafawa a ɗakuna masu sanyi ake yin su. Idan farosesar Ryzen ta kai digiri 95, da kanta take rage gudu. A irin wannan yanayi na'urar sanyaya ɗaki ta zama tamkar ɓangare na kwamfutar, ita ma da nata kason wuta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ke toshe fankoki. Ana zaɓen akwati mai raga da ake iya cirewa a wanke, a sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa. Dole a auna tsawonsa, domin manyan katuna sun haura santimita 30.

Intanet da saye

A wasan da ake bugawa ta intanet, jinkirin saƙo ya fi yawan data tasiri. Sabobin manyan wasanni da yawa suna Turai ko Afirka ta Kudu, yawancin wayoyin ƙarƙashin teku kuma a Legas suke sauka, kuma babu katin hoton da ke rage wannan nisa. Haɗa kwamfuta da waya ya fi Wi-Fi tabbas. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023.

Shagunan yankin PZ a Sabon Gari da kasuwar Farm Centre ta Kano sun fi ƙarfi a wayoyi da laftof. Manyan kayan gem akan yi odarsu daga Computer Village da ke Ikeja ko daga ƙasashen waje, farashinsu kuma yana bin dala. Mayar da kayan da ya lalace zuwa waje yana da wuya, don haka takardar garanti da gwada kaya kafin biya suna cikin abin da mai saye ke dubawa.