Kurfai: wa ke riƙe da alƙalamin lokotoro?

A Faransa, asusun inshorar lafiya na ƙasa yana da jerin magungunan da yake mayar wa majinyaci kuɗinsu, kuma lokotoro ba ya mance wannan jeri sa'ad da yake rubuta takardar magani. A ƙasar Kurfai, daga Filinge har Cikal, masu inshora ba su taka kara sun karya ba. Amma a nan ma akwai jeri: na muhimman magunguna, wanda ma'aikatar kiwon lafiya ta tsayar.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ce ta fara fitar da irinsa a 1977, da magunguna wajen 200. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako: talaka ya biya ɗan abin da bai taka ƙarfinsa ba, kuɗin su koma sayen magani. Nijar ta jarraba tsarin a 1993 a Boboye, maƙwabciyarmu ta Dallol Bosso, da kuma Say. Kafin a gama tantance sakamakon, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ONPPC ke shigowa da shi daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. Ƴan kasuwa ba su buƙatar a tuna musu wannan shekara. Dokar mayar da kuɗin magani ta 1995 ta iske jenerik, wato magani mai sunan sinadarinsa ba sunan kamfani ba, ya riga ya zama dole.

Tun daga nan hannun ma'aikacin jinya ya ɗauru. A ƙaramar likita ta ƙauye, majinyaci yana biyan kuɗi ƙayyadaddu, da awo da magani duka ciki. Majo yana bin littafin da ke kai shi daga koken majinyaci zuwa magani, kuma maganin nan sai wanda ke cikin jeri. In ya yawaita rubutu, asusun kwamitin kula da likita ne ke ramewa, kuma shi za a tambaya. A ganina ɗaurin nan ya fi alheri: ya rage takardar nan mai layi bakwai, ya kuma sauya al'ada cikin hanzari. Da Nijar ta bar kulorokin, Nivaquine ɗin da muka tashi da ita, ta koma magungunan artemisinin a 2005, jerin ne ya kai sauyin har ƙauye. (Ma'aikacin gwamnati da ke raina ƙwayar da aka ƙirga masa cikin leda, ya je ya biya ninki a kan mai kwali, parasetamol ɗaya ya sha.)

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen mai biya. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, bisa alkawarin za ta mayar wa likitoci abin da suka kashe. Shekara da shekaru kuɗin suka yi ta makara. Maganin yana nan a jeri, amma babu shi a kanta. Sai majo ya ɗauki wata takarda ya rubuta abin da za a sayo a farmasi. Uwar da ke da hali ta nufi Filinge, ko ta aika Yamai, tafiyar kilomita wajen 180. Wadda ba ta da shi takan jira kasuwar Lahadi, wurin mai tallar ƙwayoyi a faifai, cikin rana.