Kalori a Allon Gidan Cin Abinci: Shin Ganin Lamba Yana Sauya Abin da Mutum Ke Ci?

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga babban gidan cin abinci a Jidda ko Madina a 'yan shekarun nan, wataƙila ya lura da cewa a gaban sunan kowane abinci akwai lambobi iri biyu. Ɗaya ta farashi ce, ɗayar kuwa tana nuna yawan kalorin da ke cikin abincin. Tun farkon shekarar 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen cin abinci rubuta wannan lamba. Ƙasashe da dama sun ɗauki irin wannan mataki, saboda yadda ƙiba ta zama matsalar lafiya a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana fama da ƙiba mai yawa, wadda ke share fage ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Tambayar da masana suka daɗe suna neman amsarta ita ce ko rubuta lambar yana sa mutane su rage abin da suke ci, kuma ko akwai mutane da yawa da suka san adadin kalorin da suke ci a yini.

Mece ce kalori?

Kalori ma'auni ce ta kuzari, kamar yadda mita take ma'aunin tsawo, kilogiram kuma na nauyi. A ilimin kimiyya, kalori ɗaya ita ce yawan zafin da zai ɗaga ɗumin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai, don haka masana abinci suke amfani da kilokalori, wato kalori 1,000, wanda shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. Abin da ake rubutawa a jikin gwangwani ko a allon gidan cin abinci kilokalori ne, ko da yake an saba kiransa kalori kawai, kuma haka za a kira shi a wannan maƙala. Kilokalori ɗaya daidai yake da kilojul 4.184.

Hanyar farko ta auna kuzarin abinci ita ce a busar da shi, a ƙone shi ƙurmus cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe da aka nutsar cikin ruwa, sa'an nan a auna yadda ruwan ya ɗumama. Sai dai jikin ɗan Adam ba ya tatse duk kuzarin da ke cikin abinci, domin wani ɓangare yana fita ta bayan gida da fitsari. Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Amurka mai suna Wilbur Atwater, wanda ya yi aiki a Jami'ar Wesleyan, shi ne ya yi wa wannan lissafi gyara a ƙarshen ƙarni na 19. Daga aikinsa aka sami ƙa'idar da ake bi har yau: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin kalori 4, giram ɗaya na maiƙo kuwa kalori 9. Wannan ne dalilin da ya sa babban cokali ɗaya na man gyaɗa yake ɗauke da kimanin kalori 120, alhali giram 100 na dafaffiyar shinkafa bai wuce kimanin 130 ba.

Jiki yana ƙona mafi yawan wannan kuzari ba tare da mutum ya motsa ba. Bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa su ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuzarin da mutumin da ba ya aikin ƙarfi ke kashewa a yini. Idan abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, jiki yakan adana rarar a matsayin kitse. Idan kuwa ya gaza, jiki yakan koma kan ajiyarsa, mutum ya rame.

Yadda dokar ta samo asali

Birnin New York na Amurka ne ya yi fice wajen fara aiwatar da wannan doka, a shekarar 2008, inda ya tilasta wa kamfanonin sayar da abinci masu rassa 15 ko fiye su rubuta kalori a allunansu. A shekarar 2010 majalisar dokokin Amurka ta sanya irin wannan sharaɗi cikin dokar kiwon lafiya ta ƙasa, ga kamfanoni masu rassa 20 ko fiye, amma bai fara aiki ba sai watan Mayu na 2018. A Ingila kuwa an fara ne a watan Afrilu na 2022, ga kamfanoni masu ma'aikata 250 ko fiye, tare da umarnin su rubuta cewa baligi yana bukatar kimanin kalori 2,000 a yini.

Hujjar masu dokar mai sauƙi ce. Mai saye ba ya ganin yawan mai da sukarin da aka zuba a ɗakin girki, saboda haka yana da hakkin a sanar da shi. An kuma yi zaton cewa da zarar ya sani zai zaɓi abin da ya fi sauƙin kalori.

Abin da bincike ya gano

Jim kaɗan bayan dokar New York ta fara aiki, Brian Elbel da abokan aikinsa suka tsaya a ƙofofin gidajen sayar da abinci na unguwannin marasa galihu suna karɓar rasiɗan masu saye, kafin dokar da kuma bayanta. Suka kwatanta da birnin Newark da ke maƙwabtaka, inda babu dokar. Sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna cewa kimanin rabin mutanen sun ga lambobin, kuma kusan kashi 28 cikin 100 na waɗanda suka gani sun ce lambobin sun yi tasiri a zaɓinsu. Amma da aka lissafa abin da ke cikin rasiɗan, sai aka tarar kalorin da aka saya bai ragu ba. Wato abin da baki ya faɗa daban, abin da hannu ya ɗauka daban.

Wani binciken da masana na Jami'ar Stanford suka yi a shagunan kamfanin Starbucks ya sami ragin kashi 6 cikin 100 a kowane ciniki, kuma kusan duk ragin daga kayan ci ya fito, ba daga abin sha ba. A Ingila, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Liverpool sun tambayi mutane sama da 6,000 kafin dokar da bayanta. Rahotonsu na 2024 ya nuna cewa masu lura da lambobin sun ƙaru daga kimanin kashi 17 zuwa kimanin kashi 32 cikin 100, amma yawan kalorin da aka saya ko aka ci bai sauya ba.

A shekarar 2025 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike-bincike na kiwon lafiya ta tace su, ta haɗa nazari 25 wuri ɗaya. Ta gano cewa rubuta kalori yana rage abin da mutane ke zaɓa da kimanin kashi 1.8 cikin 100, wato kalori 11 daga abinci mai kalori 600. Wannan bai kai ƙaramin cokali ɗaya na sukari ba, wanda ke da kimanin kalori 16. Masu goyon bayan dokar suna cewa ƙaramin ragi, idan ya shafi miliyoyin mutane kullum, ba abin rainawa ba ne, kuma dokar takan sa wasu kamfanoni su rage mai da sukari don kada lambarsu ta tsorata mai saye. Masu suka kuwa suna nuni da cewa yunwa da farashi da ɗanɗano da sabo sun fi lamba ƙarfi a lokacin da mutum ke tsaye gaban kanta.

Shin mutane sun san abin da suke ci?

Lamba ba ta da amfani ga wanda bai san jimillar abin da ya ci tun safe ba. A nan ne wata matsalar ta ɓullo. Masana suna da hanyar auna ainihin kuzarin da mutum ke ƙonawa ba tare da sun tambaye shi ba. Ana ba shi ruwan da ke ɗauke da nau'o'in haidirojin da iskar oksijin masu ɗan nauyi fiye da na yau da kullum, sa'an nan a riƙa gwada fitsarinsa har kimanin mako biyu. Haidirojin yana fita ta ruwa kaɗai, oksijin kuwa yana fita ta ruwa da kuma iskar da mutum ke fitarwa wajen numfashi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna yawan abincin da jiki ya ƙona.

Da wannan hanya aka gwada wasu mutum 10 a New York, masu cewa suna cin ƙasa da kalori 1,200 a yini amma ba sa ramewa. Sakamakon, wanda aka buga a 1992, ya nuna cewa sun rage abin da suka ci da kimanin kashi 47 cikin 100 wajen ba da rahoto, sun kuma ƙara wa motsa jikinsu kimanin kashi 51. Ba lalle ne ƙarya suke yi ba. Mutum yakan manta da ɗan abin da ya tauna tsakanin abinci da abinci, yakan raina girman kwanonsa, kuma ba ya ganin man da ya narke cikin miya.

Rubuta abin da aka ci yana taimaka wa wanda ya dage. Wani bincike na 2008 a Amurka, mai mahalarta kusan 1,700, ya nuna cewa masu rubuta abincinsu kullum sun rage nauyi ninki biyu na waɗanda ba sa rubutawa. Dagewar ce ke da wuya. A wani binciken da aka buga a 2014, an ba wasu majiyyata a birnin Los Angeles manhajar waya ta lissafin kalori mai suna MyFitnessPal. Yawancinsu sun rage amfani da ita sosai bayan watan farko, kuma bayan wata shida nauyinsu bai bambanta da na waɗanda ba a ba manhajar ba.

Iyakar lambar

Ita kanta lambar ƙiyasi ce. A wani binciken da aka buga a 2011, masu bincike na Jami'ar Tufts sun auna abincin gidajen cin abinci, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar ya zarce abin da aka rubuta da kalori 100 ko fiye. Haka kuma adadin 2,000 matsakaici ne da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Manomi a tsakiyar damina, da mace mai shayarwa, da saurayi ɗan shekara 16 mai buga ƙwallo, duk bukatarsu ta fi haka. Bugu da ƙari, kalori ba ta bayyana ingancin abinci. Kwalbar lemon zaƙi da dafaffen ƙwai biyu kusan kalorinsu ɗaya, kimanin 140 zuwa 150, amma ƙwai yana ɗauke da furotin da bitamin, lemon kuwa sukari ne da ruwa.

Akwai kuma haɗari ga matasa. Ƙungiyoyin da ke kula da masu lalurar ƙin cin abinci a Birtaniya sun yi adawa da dokar, domin lambobin suna iya tsananta damuwar irin waɗannan marasa lafiya. Saboda haka aka yarda mai saye a Ingila ya nemi takardar jerin abinci marar lambobi. Ɗalibin da jikinsa ke girma bai kamata ya ɗora wa kansa rage abinci ba sai da shawarar likita.

Darasi ga ɗalibi da malami

A ƙasar Hausa mai tuwo da mai ƙosai da mai shayi ba sa rubuta kalori, kuma matsalar fuska biyu gare ta. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, yayin da kashi 28 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Sanin kalori yana da amfani ta kowace fuska. Uwar da ta san darajar maiƙo za ta ƙara gyaɗa ko ɗan mai a kunun yaron da ya rame. Ma'aikacin ofis da ke shan shayi kofi uku a yini, kowanne da sukari ƙaramin cokali uku, zai gane cewa kalori 144 ke nan daga sukari kaɗai.

Malami zai iya nuna wa ɗalibansa ma'anar kalori da kayan da ba su da tsada. A zuba ruwa mililita 100 cikin gwangwanin madara, a auna ɗuminsa, a soke ƙwayar gyaɗa ɗaya da allura, a kunna mata wuta a ƙarƙashin gwangwanin har ta cinye, sa'an nan a sake aunawa. Kowane digiri 10 da ruwan ya ƙaru daidai yake da kilokalori ɗaya. Ƙwayar gyaɗa mai rabin giram tana ɗauke da kusan kilokalori 3, amma ɗalibai za su sami ƙasa da haka, domin zafi mai yawa yana tserewa cikin iska. Neman dalilin wannan giɓi shi kansa darasi ne. A yi gwajin a gaban malami, kuma ɗalibin da jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa ya nisanci wurin.

Kammalawa

Binciken da aka tara tun 2008 ya nuna cewa rubuta kalori a allon gidan cin abinci yana ƙara wa mutane sani, amma sauyin da yake kawowa a cikin kwano kaɗan ne, kuma mutane ƙalilan ne ke iya jure lissafin abincinsu kullum. Abin da ya fi saurin zama a kai shi ne ƙa'idar Atwater: maiƙo ya ninka sitaci fiye da sau biyu, sukarin da aka narkar cikin abin sha kuma yana shiga ba tare da ya ƙosar ba. Wanda ya riƙe waɗannan biyu zai iya kimanta abin da ke gabansa, ko akwai allo ko babu.