Ƙwallon Ƙafa na Mata a Jami'a: Tarihinsa da Yanayin Kakar Wasa a Yankin Aliero, Jega da Maiyama

Ƙwallon ƙafa na mata a jami'o'in Najeriya yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar wasannin jami'o'i ta ƙasa, wato NUGA, wadda ta shirya gasarta ta farko a Jami'ar Ibadan a 1966. Tun daga lokacin jami'o'i ke karɓar baƙuncin gasar bi da bi. A Arewa an yi ta a Zariya da Kano da Maiduguri, Jami'ar Legas kuma ta karɓi ta 2022. A wasannin ƙungiya irin su tamaula, jami'a ba ta zuwa babbar gasa kai tsaye, sai ta fara tsallake wasannin share fage na shiyya. Sama da NUGA akwai gasar jami'o'in Afirka ta Yamma, da ta nahiyar Afirka, wadda Legas ta karɓa a 2024, sannan ta duniya baki ɗaya.

Jami'ar da wannan tsari ya fi shafa a tsakiyar jihar Kebbi ita ce ta kimiyya da fasaha da ke Aliero. An kafa ta a 2006, zamanin gwamnatin Muhammad Adamu Aliero, daga baya kuma aka sa mata sunan Shehu Abdullahi Fodiyo. Tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, ta zarce Maiyama da Koko har Yawuri. Ɗalibai mata daga waɗannan garuruwa da ma wasu jihohi suna karatu a cikinta. Duk wata magana kan makomar ƙwallon mata a wannan yanki a nan za ta fara, domin a harabar jami'a ne ake samun ɗaruruwan 'yan mata masu shekara goma sha takwas zuwa ashirin da biyar a wuri guda, da katanga, da ɗakunan kwana, da fili, da asibitin makaranta.

Tarihin wasan ya girmi jami'ar nesa ba kusa ba. A Ingila mata sun yi tashe a tamaula lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har hukumar ƙwallon ƙasar ta hana su amfani da filayenta a 1921, hanin da ya ɗauki shekara hamsin kafin a janye shi. A Najeriya an fara gasar lig ta mata ta ƙasa a 1990, inda ƙungiyoyi irin su Jegede Babes ta Legas da Ufuoma Babes ta Warri da Pelican Stars ta Kalaba suka yi suna. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, aka buga gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, kuma Najeriya ce ta wakilci Afirka. Super Falcons, tawagar mata ta Najeriya, ba su taɓa rasa zuwa wannan gasa ba tun daga nan. A 1999 sun kai zagayen 'yan takwas a Amurka, inda Brazil ta fitar da su da ci huɗu da uku bayan ƙarin lokaci. A watan Yulin 2025 suka ɗauki kofin Afirka karo na goma a birnin Rabat, bayan Maroko ta fara zura musu biyu, suka farke, suka ƙara ta uku. Mai horar da su a wannan dare, Justine Madugu, ɗan jihar Adamawa ne.

Sai dai taswirar wannan nasara a karkace take. Manyan ƙungiyoyin lig, irin su Rivers Angels da Delta Queens da Bayelsa Queens da Edo Queens, duk na Kudu ne. Daga Arewa, Nasarawa Amazons ta Lafiya ce ta taɓa ɗaukar kofin lig, sai Adamawa Queens da ake jin sunanta. Arewa maso Yamma, duk da yawan jama'arta da kuma son tamaula da ake yi a cikinta, ba ta da wani abin a zo a gani a wannan fage. Yarinyar da ta taso a Jega ko Andarai tana ganin yayyenta maza suna cika gidan kallo ranar wasan Firimiya, amma da wuya ta taɓa ganin mace 'yar garinsu ta sa takalmin ƙwallo.

Misalin ƙasar da jami'a ta zama ginshiƙin ƙwallon mata shi ne Amurka. A 1972 aka yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da a harkar wasanni. Sakamakon haka jami'o'i suka fara ware guraben karatu kyauta da masu horarwa da filaye ga ɗalibai mata. An fara gasar ƙwallon mata ta hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA a 1982, kuma Jami'ar North Carolina, ƙarƙashin mai horarwa Anson Dorrance, ta ɗauki kofin sau 21. Najeriya ma ta ci moriyar wannan tsari. Bayan gasar 1999, Mercy Akide da Florence Omagbemi sun samu gurbin karatu a Kwalejin Milligan da ke jihar Tennessee. Michelle Alozie, wadda ta ci ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe a 2025, ta yi karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Yale. Toni Payne ta fito daga Jami'ar Duke, Deborah Abiodun kuma ta je Jami'ar Pittsburgh. Abin lura a nan shi ne doka ce da kasafin kuɗi suka gina waɗannan ƙungiyoyi. 'Yan wasan sun zo ne bayan an buɗe ƙofa.

A Kebbi, tambayar farko da uba ko uwa za su yi ita ce ta sutura, kuma tambaya ce mai tushe wadda ta cancanci amsa. Dokar wasan ta daɗe da ba da amsar, sai dai mutane da yawa ba su sani ba. A 2007 an hana rufe kai a filin wasa. A 2011 aka hana 'yan wasan Iran buga wasan share fagen Olamfik da Jodan saboda lulluɓinsu, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, har Yarima Ali bin Al-Hussein na Jodan ya jagoranci neman gyara. A 2012 aka fara gwaji, a 2014 kuma hukumar IFAB mai tsara dokokin tamaula ta amince da hijabi a hukumance. Sharuɗɗan 'yan kaɗan ne: ya zama baƙi ko launin rigar ƙungiya, kada a ɗinke shi da rigar, kada ya kasance da fil ko wani abu da zai ji wa mai shi ko wata rauni. An kuma yarda a sa dogon wando a ƙarƙashin gajere, da riga mai dogon hannu, matuƙar launi ya dace. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga babbar gasar kofin duniya da hijabi. Saudiyya ta fara gasar firimiya ta mata a 2022, kuma 'yar wasan bayan Najeriya Ashleigh Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023. Telan kasuwar Jega zai iya ɗinka irin wannan kaya in aka ba shi yadi marar nauyi mai shan zufa.

Bayan sutura sai wurin wasa da mai horarwa. Iyaye sun fi natsuwa in atisaye yana cikin harabar makaranta, a sa'o'in da aka ware wa mata kaɗai, ƙarƙashin mace mai horarwa ko aƙalla malama da ke tare da 'yan wasa a fili da kuma a tafiya. Wannan buƙata ba ta saɓa wa kowace doka ta wasa ba, kuma ƙungiyar da ta raina ta ba za ta kai ko'ina ba a wannan yanki. Inda fili ɗaya ne tak, maza kan mamaye shi daga la'asar zuwa magariba, don haka sai sashen wasanni ya rubuta jadawali ya kuma tsaya a kansa.

Matsala mafi zurfi ita ce inda 'yan wasan za su fito. Manomin albasa a Aliero ba ya dasa abin da bai raina a fangali ba, haka ma ƙungiyar jami'a ba ta da abin ɗauka in makarantun sakandare ba su raino ba. 'Yar wasan da ta fara taɓa ƙwallo tana shekara goma sha tara za ta iya koyon gudu da tsayawa a gurbi, amma tarar ƙwallo da ƙafa da miƙa ta ba tare da duban ƙasa ba abu ne da ake koya tun ƙuruciya. Makarantun kwana na 'yan mata, irin su Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Gwandu da makarantun jiha, su ne wuraren da ake gasar gidaje ta shekara-shekara, da tsere da ƙwallon hannu da ƙwallon raga. Yarinyar da ta saba da waɗannan ta riga ta samu numfashi da saurin ido, kuma mai tsaron gida takan fito daga cikin 'yan ƙwallon hannu. Matsalar tsaro ta taɓa wannan tushe. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ya sa iyaye da yawa ɗari-ɗari da makarantun kwana da kuma barin 'ya'yansu su yi doguwar tafiya.

Kakar wasa a wannan yanki yanayi ne ke tsara ta kafin kowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne mafi dacewa da atisaye mai nauyi, ko da yake ƙura tana damun masu ciwon asma, ƙasa kuma takan bushe ta yi tauri. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai a koma atisayen bayan sallar asuba ko dab da faɗuwar rana, da hutun shan ruwa a tsakiyar kowane rabin wasa. Damina daga Yuni zuwa Satumba tana kawo ciyawa mai laushi, tana kuma kawo taɓo da zazzaɓin cizon sauro, wanda kan kwantar da 'yar wasa mako guda ko fiye. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a waɗannan shekaru yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, wato a cikin lokacin da ya fi kyau ga wasa. Mai horarwa mai hankali yakan rage nauyin atisaye a watan, ya mayar da hankali kan dabarun tsayuwa da bugun kusurwa da bugun tazara.

Kalandar karatu ita ma tana da nata hukunci. Jarrabawar ƙarshen zango tana cinye makonni, ɗaliban kimiyya da injiniyanci suna da aikin ɗakin gwaji har yamma, wasu kuma suna fita koyon aiki na watanni a masana'antu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas, kuma duk jami'ar da ta rufe, ƙungiyarta watsewa take yi. Ko babu yajin aiki, ƙungiyar jami'a tana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na 'yan wasanta kowace shekara saboda kammala karatu. Shi ya sa tantance sababbin ɗalibai tun makonnin farko na shiga makaranta yake da muhimmanci, haka ma gasar tsakanin tsangayoyi ko ɗakunan kwana, ko da ta 'yan biyar-biyar ce a ƙaramin fili. Don a iya fitar da goma sha ɗaya a kowane wasa, ana buƙatar 'yan wasa ashirin ko fiye, cikinsu masu tsaron gida biyu aƙalla.

Lafiyar 'yan wasa tana da nata bayani. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna mata sun fi maza fuskantar tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, musamman wajen dira daga tsalle ko juyawa da sauri. Akwai tsarin ɗumama jiki na kimanin minti ashirin da ake kira FIFA 11+, wanda ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma an tabbatar yana rage raunuka in ana yin sa akai-akai. Aliero ta shahara da masu ɗori, har daga wasu jihohi ake kawo musu masu karaya, amma tsinkewar jijiyar gwiwa ba a tabbatar da ita sai da binciken asibiti, don haka gwiwar da ta kumbura bayan an ji ƙara a cikinta sai a kai ta Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ƙarancin jini ma ya zama ruwan dare tsakanin 'yan mata, kuma yana sa saurin gajiya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: ɗalibar da ta wuni a kan garin kwaki ba za ta iya gudun minti casa'in ba. Wake da kifi da zogale da ƙwai da hanta duk ana samun su a kasuwannin yankin, kuma kamata ya yi su shiga kasafin ƙungiya kamar yadda ƙwallo da riguna suke shiga.

Abokan karawa su ne abu na ƙarshe da ke tsara kaka. Ƙungiyar da ba ta buga wasa da baƙi ba ba ta san matsayinta ba. Daga Aliero, makarantun da ke kusa sun haɗa da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Dukkansu ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya, ba tare da kwana a hanya ko tafiyar dare ba, abin da ke rage kuɗi yana kuma kwantar da hankalin iyaye. In uku ko huɗu daga cikinsu suka tsayar da ƙungiyar mata suka riƙa karawa gida da waje tsakanin Nuwamba da farkon Maris, kowace za ta samu wasa shida ko kusa da haka kafin wasannin shiyya na NUGA, kuma filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi zai iya ɗaukar wasan ƙarshe.